Sawun da ke kan dutsen Sarandib: na wa ne?

Abban Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta yawo da hoton wani dutse mai tsini a ƙasar Sri Lanka, an rubuta cewa nan ne Annabi Adamu (AS) ya fara taka ƙasa, wai har yau sawun ƙafarsa yana nan a ƙololuwar dutsen. Malamanmu na wannan zaure, mene ne gaskiyar maganar? In kuma akwai wanda ya taɓa zuwa ƙasar, ya ba mu labari, gani ya kori ji.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam. Alƙur'ani ya ce an sauko da su, bai faɗi wuri ba. Babu kuma hadisi ingantacce daga Manzon Allah (SAW) da ya ambaci inda suka sauka. Abin da ake da shi maganganun magabata ne, irin waɗanda Ɗabari ya tara a littafinsa na tarihi: Adamu a ƙasar Hindu, a kan wani dutse na tsibirin Sarandib, wato Sri Lanka ta yau, Hauwa'u kuma a Jidda. Akwai ruwayar da ta ce a wani wuri ne tsakanin Makka da Ɗa'if, akwai wadda ta ce Safa da Marwa. Ka ga ke nan ba abin da za a gina aƙida a kansa ba ne. Ka riƙe shi a matsayin labari.

Alhaji Ɗanjuma:
Allah ya gafarta Malam, ni dai na hau shi. Harkar duwatsu masu daraja ke kai ni ƙasar, muna kai safaya ta Mambila kasuwar Beruwala, to wani abokin cinikina Musulmi ne ya ja ni. Tsawon dutsen mita 2,243 ne. Ana hawa daga Disamba zuwa Mayu, sauran watanni ruwa da iska ba sa bari. Da tsakar dare ake tashi don a riski fitowar rana a sama, matakala fiye da dubu biyar, an jera fitilu tun daga gindi, da rumfunan masu shayi a hanya. Abin da ya fi ba ni kunya tsofaffin mata ne sanye da fararen kaya, wasu ba takalmi, suna wuce ni ina haki.

Sawun kuwa, Abban Walida, kada ka sa rai da yawa. Wani lotsawa ne a jikin dutse, tsawonsa ya kusa mita biyu, an gina ɗaki a kansa, an lulluɓe shi da ƙyalle, malaman addinin Buddha ne ke kula da wurin. Su a wurinsu sawun Buddha ne. 'Yan Hindu sun ce na Shiva ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Akwai Kiristocin da ke cewa na Toma ne, almajirin Annabi Isa (AS). Abin da ba ya buƙatar musu shi ne inuwar dutsen: rana na fitowa sai ka ga inuwa mai kusurwa uku ta kwanta a kan gajimare ta yamma, tsaf.

Mu'allim Tukur:
Alhaji ka bi sawun Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan ɗan Maroko. Ya hau a 1344, bayan ya bar alƙalanci a tsibiran Maldives. Ya ce hanya biyu ce, ta Baba da ta Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Ta Mama mai sauƙi ce, ta nan ake dawowa, wanda ya hau ta can ba a ƙirga shi cikin waɗanda suka yi ziyara. Ta Baba kuwa sai da sarƙoƙin ƙarfe goma da aka kafa a jikin dutse, ta goman ana kiranta sarƙar Shahada, domin wanda ya kai nan ya leƙa ƙasa, tsoro zai sa ya yi kalmar shahada. Ya auna sawun ya ce taƙi goma sha ɗaya ne. Ya kuma yi ƙorafin matsattsakun dajin, ya ce mutane na tafiya da lemon tsami suna matsa musu su saki. Abin lura, sarkin da ya ɗauki nauyin tafiyarsa ba Musulmi ba ne, sarkin arewacin tsibirin ne, ya haɗa shi da 'yan rakiya da guzuri.

Alhaji Ɗanjuma:
Matsattsakun nan jikokinsu na nan daram, Mu'allim.

Ɗan Maraɗi:
Wanga bawan Allah ai har ƙasarmu ya zo. Shekara tara bayan nan, a 1353, ya sauka Takadda, yamma da Agadas, ya ga inda aka narka jan ƙarfe, ya ce ana kai shi Gobir da Barno. Ƙafar da ta hau Sarandib ita ta taka Azbin. Mu dai Gobirawa an rubuta mu tun da daɗewa, Yarbawan zaure su shaida.

Abu Sumayya:
A bar raha a koma kan hukunci. Manzon Allah (SAW) ya ce ba a ɗaura sirdi don ziyarar ibada sai zuwa masallatai uku. Wurin da ake kunna turare ana sunkuya wa gunki, me ya kai Musulmi? Ibn Baɗɗuɗa matafiyi ne, ba hujja ba ne a addini.

Alhaji Ɗanjuma:
Ɗana, ban je neman tabarruki ba, ban sunkuya wa kowa ba. Na yi sallar Asuba a gefen hanya, ba wanda ya ce mini kanzil. Kallon ikon Allah na je.

Malam Habibu:
Abu Sumayya, hadisin gaskiya ne, amma yana magana ne kan tafiya da niyyar ibada a wuri. Tafiya don kasuwanci ko lura da halitta ba ta shiga ciki, Alƙur'ani ma cewa ya yi ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba. Wanda ya tafi yana ƙudurta cewa addu'a ta fi karɓuwa a kan wannan sawu, shi ne za a ce masa ina dalili.

Muƙaddam Nasiru:
Tunda an taɓo nan, bari in ƙara abin da ya shafe mu 'yan Ƙadiriyya. A kudu maso gabas da dutsen, kusa da garin Balangoda, akwai wani kogo a Kuragala da Musulmin ƙasar ke kira Daftar Jailani. Abin da suka gada daga iyayensu shi ne Shehu Abdulƙadir ya yi halwa a can. Ban ce tarihi ya tabbatar ba, amma sun daɗe suna taruwa a wurin duk shekara. A 2013 aka rushe wasu gine-ginensu, aka ce wurin tsohon mazaunin sufayen Buddha ne tun kafin Musulunci, daga baya aka gina babban wurin bautar Buddha a kan tudun. To ga tambaya ga Abu Sumayya: in ka ce wurin bidi'a ne, ka yarda a ƙwace shi ke nan?

Abu Sumayya:
Ban yarda a zalunci Musulmi ba, ko da na saɓa masa. Magana biyu ce daban.

Sadiya Gwammaja:
Na gode Muƙaddam, domin na fara jin zauren yana tafiya kan labarin nan mai daɗi na "addinai huɗu a dutse ɗaya, kowa na son kowa". Masu tallar yawon buɗe ido ne ke son a tsaya a nan. Musulmi kusan kashi goma cikin ɗari ne na mutum miliyan 22, kuma sun sha daga kowane ɓangare. A 1990 'yan tawayen ƙabilar Tamil suka kore su daga Jaffna cikin sa'o'i, a shekarar kuma suka kashe masallata fiye da ɗari a Kattankudy. A 2014 aka ƙona musu shaguna da gidaje a Aluthgama, a 2018 aka maimaita a yankin Kandy. Lokacin korona gwamnati ta tilasta ƙona gawa har da ta Musulmi, sai a farkon 2021 aka janye, aka nemi afuwa a 2024. Kuma don adalci, masu kiran kansu Musulmi ne suka tayar da bama-bamai a coci-coci da otal-otal ranar Ista ta 2019, mutum fiye da 260 suka mutu. Dutsen kowa na hawa, gaskiya ne. Amma makullin ɗakin da ke samansa a hannu ɗaya yake.

Alhaji Ɗanjuma:
'Yata ba ki faɗi ƙarya ba. Sai dai in kin shiga Beruwala kin ga masallacin Kechimalai a kan tudu a bakin teku, ko jan masallacin nan na kasuwar Pettah a Kolombo da aka gama a 1909, za ki san mutanen nan ba baƙi ba ne, su ma sun san haka. Cinikin duwatsu kusan a hannunsu yake. Masu haƙa a Ratnapura galibi 'yan Sinhala ne, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar, masu saye da gogewa da ƙona dutse don launinsa ya fito galibi Musulmi ne, kowa na buƙatar kowa. Wani abu da ya burge ni: kafin a ba ka lasisin haƙa sai ka ajiye kuɗin jingina, ba za a mayar maka ba sai ka cike raminka. Shi ya sa za ka ga an haƙi dutse a gona bana, baɗi an shuka shinkafa a wurin. Wanda ya san yadda ramuka suka yi wa Mambila zai gane abin da nake nufi.

Injiniya Rabi:
Ku yi mini haƙuri in karkatar da akalar. Na yi kwas na ban ruwa a ƙasar, kuma a ganina duk wanda ya je Sri Lanka ya dawo da labarin sawu da haƙorin Buddha da ke ajiye a garin Kandy kawai, ya bar babban abin a baya. Gadon mutanen nan ruwa ne.

Arewaci da gabashin tsibirin busasshen yanki ne, ruwan sama na zuwa cikin 'yan watanni ya ɗauke. Tun fiye da shekara dubu biyu suka fara tare shi. Ba madatsa ɗaya ƙatuwa ba: ƙananan tafkuna ne a jere bisa gangaren kwari, na sama ya cika ya zuba wa gonakin ƙasa da shi, abin da ya tsiyaye daga gonakin ya faɗa tafki na gaba, haka har ƙasa. Ruwa ɗaya a yi noma da shi sau da yawa. Fiye da dubu goma na irin waɗannan tafkuna suna aiki har yau. Kowane tafki da tsarinsa: ana barin itatuwa ta sama don su karya iska su rage ƙafewa, a haƙa ɗan gurbi kafin tafkin don laka ta kwanta a nan dabbobi kuma su sha, a bar wani fili a bayan bangon madatsa da tsirrai masu shanye gishiri kafin ruwa ya kai gona. Sun kuma ƙirƙiro wata rijiyar dutse a jikin madatsa da suke kira bisokotuwa, tana karya ƙarfin ruwa kafin ya fita, don kada ya ci bangon.

Manyan kuma sai wanda ya gani. Sarki Dhatusena ya gina Kala Wewa a ƙarni na 5, aka ja magudana mai tsawon kilomita 87 zuwa birnin Anuradhapura, a wani sashenta gangaren bai wuce santimita 10 a kilomita guda ba. Da na'urorin awonmu na yau ma sai an yi gumi. Sarki Parakramabahu na Polonnaruwa, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, shi ne littafin tarihinsu ya ce ya hana ko ɗan ruwan sama ya kai teku ba tare da ya amfani mutum ba.

Mu'allim Tukur:
Injiniya kin tuna mini. Wannan Dhatusena ɗansa Kashyapa ne ya yi masa juyin mulki. Labarinsu ya ce da aka matsa masa ya nuna inda ya ɓoye dukiya, sai ya ce a kai shi Kala Wewa, ya nuna ruwan ya ce dukiyarsa ke nan. Ɗan ya fusata ya sa aka gine shi da rai a cikin bango. Tsoron ƙaninsa Moggallana ne ya sa ya koma kan dutsen Sigiriya, mai tsawon kusan mita 200, ya gina fada a sama, da ƙofa mai siffar zaki wadda dagoginta biyu suka rage. Shekara 18 ya yi, daga 477 zuwa 495, ƙanin ya dawo da runduna daga Indiya, Kashyapa ya kashe kansa a fagen fama. Yau Sigiriya ce ke kan kowace takardar talla, tana cikin wurare takwas na ƙasar da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya.

Injiniya Rabi:
Ka gani ko, Mu'allim? Fadar ɗan ta zama wurin ɗaukar hoto, tafkin uban har gobe yana ba shinkafa ruwa. Ko a Sigiriyar ma abin da ya fi tsaya mini shi ne lambun da ke gindi, inda maɓuɓɓugan da aka yi tun wancan zamani suke feso ruwa idan damina ta yi ƙarfi.

Amma kada a ɗauka dabarar gini ce kaɗai. A da kowane magidanci yana da kwanakin aikin gayya na dole a kan tafkin ƙauyensu, yashewa da gyaran bango. Da Turawan Ingila suka soke wannan aikin dole a 1832, ƙananan tafkuna da yawa suka lalace don ba mai kula. Akwai kuma al'adar da suke kira bethma: shekarar da ruwa ya yi kaɗan, sai a bar gonakin nesa, a raba na kusa da tafki tsakanin kowa da kowa na wannan kakar, har wanda gonarsa ke can ƙarshe. Mu nan muna gina madatsa mu juya baya, kachala ta toshe magudana, yashi ya cika ciki, sai ranar da ta ɓalle irin ta Alau a 2024 a fara neman mai laifi.

Baffa na Alkaleri:
Injiniya, tafkunan nan naki ba mutane kaɗai ke sha ba. Na ga bidiyon giwaye ɗaruruwa a bakin wani tafki, aka ce Sri Lanka ne. Mu da muke gefen Yankari, garke ɗaya ya shiga gona a dare an gama da shekarar mutum. Su yaya suke yi?

Injiniya Rabi:
Minneriya ke nan Baffa, tafkin Sarki Mahasena na ƙarni na 3. Wajen Agusta da Satumba ruwa na janyewa, ɗanyar ciyawa ta fito, giwaye su taru. Yadda suke yi kuwa, ba daɗin ji. Ƙidayar 2011 ta samu giwaye 5,879 a ƙasar da ba ta kai jihar Neja girma ba, kuma yawancinsu ba a cikin gandun daji suke ba, suna cikin yankunan da mutane ke noma. A 2023 giwaye fiye da 400 suka mutu, mutane fiye da 150. Ana harbi, ana sa wa waya wutar gida, jirgin ƙasa na bankewa. Mafi muni shi ne ɗan bam da ake cusawa cikin kabewa don aladun daji, 'yar giwa ta tauna ya farfasa mata baki, ta yi kwanaki tana yawo kafin yunwa ta kashe ta.

Baffa na Alkaleri:
Subhanallah. Amma ni ba zan zagi manomin ba. Wanda ke zaune a birni yana cewa giwa gadon ƙasa ce, bai taɓa kwana a kan itace yana buga gwangwani ba. Kuɗin masu yawon buɗe ido yana shiga aljihun mai otal da mai mota, asarar kuma tana kan mai gona. In gado ne na kowa, a raba asarar da kowa.

Sadiya Gwammaja:
Baffa ka faɗi abin da ke raina game da shayi. Hotunan tuddan Nuwara Eliya kore shar, da mata masu kwando a baya suna murmushi. Wurin nan a da dajin tsauni ne, Turawa suka sare shi don kofi. Cutar ganye ta ɓulla a 1869 ta cinye kofin, aka koma shayi, wanda wani ɗan Sikotland, James Taylor, ya fara shukawa a 1867. Thomas Lipton ya sayi gonakin shayi a can a 1890. Masu tsinkar kuwa Tamilawa ne da aka kwaso daga kudancin Indiya. Ƙasar na samun 'yanci a 1948 aka yi dokar da ta hana su zama 'yan ƙasa, aka mayar da dubban ɗaruruwa Indiya, ragowar sai 2003 aka gama ba su takarda. Har yau da yawansu suna cikin dogayen barikokin zamanin Turawa, iyali guda a ɗaki guda, mace ta tsinko kusan kilo 18 zuwa 20 a yini kafin a ba ta cikakken kuɗin ranar.

Abban Walida:
Ke nan shayin da muke sha a teburin mai shayi daga can yake?

Alhaji Ɗanjuma:
Ba lalle ba. Shayin Lipton ya samo asali daga can, amma yawancin baƙin shayin da ke yawo a Afirka na Kenya ne, muna da namu kuma a Kakara a Mambila. Na Sri Lanka ya fi tafiya Iraƙi da Turkiyya da Rasha da ƙasashen Larabawa. In ka ga tambarin zaki riƙe da takobi a jikin kwali, shi ne nasu na asali.

Ɗan Maraɗi:
Namu na atayi kam ɗanyen ganyen Sin ne, ba ruwanmu da rigimarku.

Maman Hanifa:
Ni tambayata ta kicin ce. An ce kirfa ta gaskiya daga can take. Wadda muke saya a Kurmi fa?

Alhaji Ɗanjuma:
Hajiya duba ɓawon. In mai kauri ne, ja-ja, lanƙwasa ɗaya, sai da turmi, wannan 'yar uwarta ce da ake kawowa daga Sin da Indunusiya da Biyetnam, ita ta cika kasuwanninmu. Ta Sri Lanka siririya ce, launinta ya fi haske, an naɗe ta falle-falle cikin juna, da yatsa za ki murƙushe ta, ƙamshinta kuma ba ya da zafi. Da hannu ake ɓare ta har yau, sana'ar gado ce a kudu maso yammacin ƙasar. Saboda ita 'yan Fotugal suka kafa ƙafa a tsibirin bayan zuwansu a farkon ƙarni na 16, 'yan Holan suka kore su a 1658, Ingila ta karɓe a 1796. Ganuwar Galle da 'yan Holan suka gina don tsaron wannan ciniki ita ce ta kare tsohon garin ranar tsunami, wato ambaliyar teku, ta 26 ga Disamba 2004, alhali tashar mota da kasuwar da ke wajen ganuwa ruwa ya share su. Mutum fiye da dubu talatin suka rasu a ƙasar.

Mu'allim Tukur:
Maman Hanifa, in har za ki aika Alhaji, ki haɗa da kuka. A tsibirin Mannar, can arewa maso yamma, akwai itatuwan kuka, ana jin fataken Larabawa ne suka kai irin daga Afirka. Babbar da ke Pallimunai kewayenta ya kusa mita 20, an ƙiyasta ta kai shekara 700.

Maman Hanifa:
Suna miya da ita?

Alhaji Ɗanjuma:
Ni dai ban ga miyar kuka a can ba, komai nasu madarar kwakwa ce da yaji. Kirfar zan taho miki da ita in Allah ya kai mu bayan Sallah, amma ki sani kuɗinta ya ninka na wadda kika saba.

Baffa na Alkaleri:
Injiniya, ban gama da ke ba. Shingen wayar lantarkin nan da suke kafawa don tare giwaye, wayar tana hana giwa ko ba ta hanawa? Don mu ma ana ta yi mana alkawarinta.

Injiniya Rabi:
Ya danganta da inda aka kafa ta, Baffa. Wadda hukuma ta zagaye gandun daji da ita ba ta yi aiki sosai ba, domin akwai giwaye a ciki da waje, kuma manyan mazan sun koyi tura itace a kan wayar su tsallake. Wadda ta fi tasiri ita ce wadda ƙauye ya kewaye kansa da gonakinsa da ita, mutanen garin ke share ciyawar ƙarƙashinta suna duba batir. Ta gonar shinkafa ma ta wucin gadi ce: a kafa bayan shuka, a kwashe bayan girbi, a bar giwaye su shigo su ci karmami. In za a kawo muku, ku tambaya tun farko wa zai riƙa sayen batir.